Shafe na Biyu

Ranar Talata ce, Mafara ta cika da babura da buhunan albasa,
ni ko ina bisa benci biyu da aka gitta wa katako,
wuya a tanƙware, ido a sama,
ina karanta silin ɗin Hajiya Ige.

Tudu nan, kwari can,
kamar gonar da aka yi wa huɗa cikin duhu.
Tsaga ta taso daga ƙugiyar fanka,
ta ratsa saman gado, ta gangara wajen agogo.
"Kullum in na kwanta," in ji ta,
"gulbi nika gani bisa kaina.
Wanda duk yay yi wanga aiki...
bari dai in kama bakina."

Na ƙwanƙwasa da ƙotar cokali.
Inda ya kama, amsarsa da nauyi.
Inda bai kama ba, kukan fasasshiyar ƙwarya.
Nomau, miƙo guduma, kauce daga ƙasa.

Da hasken taga ya kwanta a kan yaɓen
sai na ga sawun cokalin.
Kowace shara ta juya wa ta sauran magina baya,
da gajeriyar wutsiya a ƙarshe.
Hannun bahago.
A garin nan bahago ɗaya na sani da ya taɓa hawa katako,
ga hannun nasa riƙe da guduma.

Shekara goma sha huɗu.
Gidan ba ƙofa lokacin, ba wannan darbejiyar.
Yashin ban tankaɗe ba, ruwa ban ba dakin ya sha ba,
na watsa, na ja, na diro,
don Lanti na asibiti tun asuba
kuma ba wanda ya zo ya ce mini komai.

Ban ce uffan ba.
Na ɓamɓare duk inda ya yi holoƙo,
ɓaraguzai na zuba cikin kwanon sarki.
Na kankare tudun, na share ƙura,
na yayyafa ruwa har sai da ya daina tsotsa.
Nomau ya tankaɗe yashin gulbi sau biyu da rariya,
muka dama shi da siminti, laushin kunun da ya huce.

Gado, Allah ya jiƙansa, yakan ce:
sama ba ta cin hanci,
abin da ka ba ta fiye da ƙima
a fuska za ta mayar maka.
Don haka kaurin kwabo kawai, kar a ƙara.
In shafa, in ɗora katako in duba,
in cike inda haske ya leƙo ta ƙarƙashi.
In jira ya sha iska.
Jiran nan shi ne aikin, shi na tsallake a wancan karo.
Sannan soso, a hankali, zagaye zagaye,
ruwan toka na bin gwiwar hannuna zuwa hammata.

La'asar sakaliya na sauko, kafaɗa kamar ba tawa ba.
Ta kawo fura a kwanon sha.
Na buɗe baki zan ce a bar kuɗin hannu,
ta riga ni.

"Kafin Alhaji ya rasu ya ce,
in an tashi gyara a kira bahagon nan,
ranar hankalinai ba shi nan.
Ina abin da aka haifa?"

Na ce mace ce, Hajo,
bana take shiga aji uku.

Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon sama,
danye, toka-toka, ba gulbi, ba gona.
"To," ta ce, "yau mi zan kalla in na kwanta?"

Nomau na wanke cokali a bakin rijiya.
Na ce masa gobe da sassafe mu dawo mu ba shi ruwa.